Hoton zuciya: dama ma tana da nata awon

A Damagaram, da likita ya ce ɓangaren hagu na zuciya yana bugu daidai, sai mutum ya ɗauka an wanke shi ke nan. Ba haka ba ne. Ɗakin dama na ƙasa, mai tura jini zuwa huhu, yana iya gajiya shi kaɗai, musamman ga mai sikila, mai tsohon tarin fuka, ko matar da ta sha hayaƙin itace shekara da shekaru. Ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyar wuya ta tashi, a ce sammu ne.

Awonsa ke da wuya. Siffarsa kamar jinjirin wata ce, ya rungume na hagu, ya kuma laɓe bayan ƙashin ƙirji. Ekogarafi (hoton zuciya da ake ɗauka da amo) na yau da kullum yanka ɗaya yake nunawa; hannu ya ɗan karkata, lissafi ya canza. Na 3D kuwa yana ɗauko ɗakin dungurungum.

Majiyyaci zai kwanta ta hagu, a shafa masa wani mai a ƙirji, a ɗora kan na'urar ƙasan nonon hagu, ya riƙe numfashi. Na'urar ta haɗa bugu 4 zuwa 6 su zama hoto guda. In ya motsa, ko bugunsa ba ya tafiya bai ɗaya, hoton sai ya fito da tsagu kamar ɗinkin da bai haɗu ba.

Jinin da ɗakin ke fitarwa a kowane bugu in ya gaza kashi 45 cikin 100 na jinin da ya cika shi, akwai rauni. Kuma amo ne ake aikawa, babu hasken radiyo a ciki, ko mai juna biyu ana yi mata.