Waiwaye: Lokacin da Ciwon So Yake da Babi a Littafin Likita

In aka ce wane yana ciwon so, a yau dariya ake yi. Amma an shafe ƙarnoni likitoci na ɗaukar sa cuta sosai, mai alamominta da maganinta.

Mawaƙa ne suka fara kai ƙara. A wata waƙar tsohuwar Masar da ta haura shekara 3,000, saurayi ya yi kwana bakwai bai sa budurwarsa a ido ba, ya kwanta, manyan masu magani sun yi nasu sun gaji, jin sunanta kaɗai ke ta da shi. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sappho, mawaƙiyar tsibirin Lesbos a Girka, ta zayyano abin dalla-dalla: harshe ya ɗaure, wuta ta bi ƙarƙashin fata, kunne ya yi ta ƙugi, ga gumi, ga makyarkyata.

Waɗannan alamomin nata ne Plutarch, marubucin tarihi ɗan Girka, ya ce likita Erasistratus ya gani a jikin Yarima Antiyokus, ɗan Sarki Selukus. Yaro ya daina cin abinci, ya rame, ya ƙi faɗin abin da ke damun sa. Likita ya tare a ɗakin yana lura da masu shigowa dubiya. Kowa ya zo ya tafi, shiru. Amaryar uban na sawo ƙafa sai murya ta sarƙe, fuska ta canza, bugun jijiya ya rikice. Selukus ya sakar wa ɗansa matar. Ba kowane uba ba, gaskiya.

Ibn Sina, shahararren likitan Musulmi da ya rasu a 1037, ya tsara yadda likita zai yi aiki da wannan dabara. A cikin Al-Kanun, babban littafinsa na likitanci, ya sa "ishƙi", wato tsananin so, kusa da cututtukan baƙin ciki. Likita ya riƙe wuyan hannun majinyaci, a yi ta ambaton sunaye, da unguwanni, da gidaje. Inda jijiya ta yi tsalle, a maimaita, har a gano wadda ake so. Babban magani shi ne a haɗa su ta hanyar halal. In hakan ya gagara, a shagaltar da shi, ko a turo masa tsofaffin mata su yi ta kushe yarinyar har ta fita daga ransa. Wannan na ƙarshen ban ga alamar ya taɓa warkar da kowa ba, tunda so hana ganin laifi ne.

Daga Larabci ilimin ya shiga Turai. A ƙarni na 11 Constantine ɗan Afirka ya fassara littafin likitanci Zad al-Musafir na Ibn al-Jazzar, likitan birnin Ƙairawan da ke Tunisiya ta yau, zuwa Latin, ɗaliban likitanci suka yi ta karanta babin so. A 1621 ma Robert Burton na Ingila ya ba shi kaso mai tsoka a littafinsa kan baƙin ciki. Daga baya likitoci suka bar wa marubuta kayansu.

Sai a 1999 Donatella Marazziti ta Jami'ar Pisa a Italiya ta auna jinin mutum 20 da suka faɗa soyayya ba da jimawa ba. Ta tarar yadda jininsu ke tafiyar da sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya yi kama da na masu cutar waswasi. Waɗanda aka sake aunawa bayan shekara guda da 'yan kai, jinin ya koma daidai.