Waiwaye: Sakkwato da jirgin da ya tsaya a Ƙauran Namoda

Duk sanda aka tayar da zancen baƙin da ke ziyartar Sakkwato, ƙorafin ɗaya ne: su sauka da hantsi, su shiga Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake, su yi addu'a, su leƙa ƙofar fadar Sarkin Musulmi, kafin la'asar motarsu ta kama hanya. Ba su kwana, ba su shiga kasuwa. Wasu na cewa rashin tsaro ne a hanya, wasu ƙarancin masauki, wasu kuma samari ne suka guje wa sana'ar iyaye. Kowanne da ƙamshin gaskiya, amma ciwon ya girme su duka.

Farkon labarin kowa ya san shi. Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu Usmanu ya rasu a cikinsa a 1817. Bature Clapperton ya zo a 1824 ya tarar da kasuwa mai ci kullum, Barth kuma ya yaba kayan fatarta a 1853. A Maris na 1903 aka gwabza yaƙi da Turawan Ingila a Giginya. Nan yawancin masu ba da tarihi ke rufe baki, alhali abin da ya karya kasuwar yana gaba.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Dogon ya bi auduga da gyaɗa, inda suka yi kauri nan ya tsaya, tsakaninsa da Birnin Shehu tafiyar sama da kilomita 200.

Kafin nan, ayari ne ke yin gari. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa wannan ƙasa, raƙuma na saukowa daga arewa da gishiri, kuma duk wanda ya ya da zango sai ya ci, ya kwana, ya sayi guzuri da tsaraba. Da dogo ya zo, hada-hadar ta koma bakin tasha. Gusau ta cika ta batse da kantuna da ma'auna, dillalai suka bi kuɗi can.

Fata ce ta fi jin jiki. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turai, inda ake kiranta fatar Maroko don ta can take ɓullo musu. Jemammiya take tafiya a wancan zamani. Majemi ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta a tukunyar bagaruwa, ya rina ta da karan dafi, sannan baduku ya karɓa da basillarsa ya ɗinka zabira ko kube ko kayan doki. Hannu nawa ke ci a fata ɗaya! Masu saye na zamanin jirgi kuwa ɗanya suka fi so, busasshiya, a ɗaure ta dami-dami a kai tasha, a jeme ta a ƙetare. Akuyar tamu ce, jimar ta koma ta wasu. A ganina daga nan ne yaro ya fara ganin ba riba a zama gaban tukunyar ubansa.

Abin da ya biyo baya ƙari ne kawai. An fitar da Kebbi a 1991, bikin kamun kifin Argungu ya tafi da ita. An fitar da Zamfara a 1996, ita ma tashar da ake zuwa ta koma wata jiha. Ganuwa ta narke cikin gidaje, Ƙofar Rini da Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya sun fi zama sunayen shiyoyi a bakin masu kabu-kabu.

Kwanakin baya na raka wani aboki daga Zariya. Bayan Hubbare na kai shi gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya daɗe tsaye gaban tsofaffin rubuce-rubuce. Sai ya ce yana son tsarabar da ba a samu sai a nan. Muka kutsa Tsohuwar Kasuwa, muka wuce rumfa bayan rumfa ta takalman roba, har muka iske wani dattijo a kan buzu, 'yan yatsunsa jawur da rini, yana ɗinkin matashin fata. Abokina ya sayi biyu. Na tambayi baba ko akwai mai koyo a wurinsa, ya nuna min wani buzu a naɗe jikin bango, ya ce na ɗansa ne, ya tafi Legas neman kuɗi shekara uku ke nan.