Jiri da hajijiya: yaushe motsa jiki ya fi kwanciya magani?

A Tahoua, in mutum ya ce jiri na ɗibarsa, sai a ce masa tansiyo ce, wato hawan jini, ko ƙarancin jini, wasu ma su ce iska. Sau da yawa kuwa daga cikin kunne abin yake.

Duk jiri ɗaya ne?

A'a. Akwai wanda za ka miƙe farat ɗaya ido ya rufe, ka dafa bango ya wuce. Wannan ya fi yawa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko cikin azumi, ko ga mai ƙarancin jini da mai shan maganin tansiyo. Ruwa da awon jini yake buƙata. Hajijiya daban take: kana zaune wuri ɗaya amma ɗaki na juyawa da kai, har zuciya ta tashi.

Da na juya a kan shimfiɗa, ko na ɗago daga sujada, sai ɗaki ya kama juyawa. Me ke kawo haka?

Can cikin kowane kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Kusa da su akwai wata ƴar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na alli, waɗanda ido ba ya gani. In tsufa ko buguwar kai ta sa wasu suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, to da ka karkata kai sai su gangara su tura ruwan, kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce ana tsaye. Alamar wannan hajijiya ba ta ɓuya: tana zuwa ne da sauya matsayin kai, kuma yawanci ba ta kai minti ɗaya take lafawa. Ita ce hajijiyar da aka fi gani, ita ce kuma mafi sauƙin magani, shi ya sa nake jin takaici in na ga tsohuwa ta shekara tana salla a zaune saboda tsoron ruku'u.

To ta yaya hannu zai gyara abin da ke cikin kunne?

Nauyin tsakuwar ake bi. Da farko kine, wato mai gashin ƙashi, ko likitan kunne zai zaunar da kai, ya juya kanka gefe, ya kwantar da kai da sauri yana kallon idanunka. In sun kama rawa, ya gane kunnen da ke da matsala. Wannan gwaji na Dix da Hallpike ne, likitocin Ingila, tun 1952. Sannan ya bi da kan mataki-mataki: zuwa ɗaya gefen, ya mirgina ka har fuska ta kalli ƙasa, ya tashe ka zaune, yana dakatawa kamar daƙiƙa 30 a kowane mataki, har tsakuwar ta koma jakarta. Likitan Amurka John Epley ya wallafa wannan hanya a 1992. Masu karatun Faransanci sun fi sanin ta Alain Semont, kine ɗan Faransa, ta 1988. Da yawa sukan warware a zama ɗaya ko biyu. Takan dawo wa wasu bayan watanni, sai a maimaita.

Kada a kwaikwaya daga bidiyon waya kafin a san wane kunne ne, balle ga mai ciwon wuya.

Ba gara in sha ƙwaya in kwanta ba?

Ƙwaya na kwantar da tashin zuciya na kwana biyu ko uku, amma ba ta maida tsakuwa wurinta. Haka in kumburin jijiyar kunne ne ya kawo hajijiyar, wadda kan kwantar da mutum kwanaki: ƙwaƙwalwa sai ta koyi aiki da kunnen da ya rage lafiya, kuma da motsi take koya. Doguwar kwanciya da maganin sa barci jinkirta wannan koyon suke yi.

Wane irin motsi ke nan?

Ka rubuta harafi a takarda, ka miƙe hannu ka riƙe ta gabanka, ka tsaida ido a kansa kana girgiza kai dama da hagu ba tare da harafin ya dushe ba. Minti ɗaya, sau da yawa a wuni. Daga nan tsayuwa da ƙafafu a haɗe kusa da bango, sai tafiya ana waiwaye, sai taka rairayi. Jiri kaɗan yayin motsin ba laifi ba ne, in dai ya lafa bayan ɗan hutu.

Baba ba ya jin juyawa, tangaɗi kawai yake yi.

Tsayuwa daram kan abu uku take: ido, kunne, da jin ƙasa a tafin ƙafa. Ciwon suga na rage na ukun, yanar ido na rage na farkon, shi ya sa hanyar masallaci da asuba ta fi yi masa wuya. A ba shi tocila da sanda da takalmi mai riƙe dunduniya, a riƙa sa shi tashi daga kujera ya zauna sau goma kullum.

Yaushe ba za a jira kine ba?

In jirin ya zo da karkacewar baki, harɗewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ganin abu bibbiyu, ciwon kai mai tsanani, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. A wuce da shi babban asibitin jihar Tahoua a take, ko da tsakar dare ne. Kunnen da ya daina ji kwatsam shi ma na gaggawa ne. A tafi da duk magungunan da yake sha, domin kinin da allurar jentamisin suna iya taɓa kunne.