Waiwaye: Yadda Volkswagen ya shiga tsaka mai wuya

A watan Satumban 2024 kamfanin Volkswagen, wanda ya fi kowa ƙera motoci a Turai, ya sanar cewa mai yiwuwa ya rufe wasu masana'antunsa a cikin Jamus, abin da bai taɓa yi ba tun kafuwarsa a 1937. Ya kuma soke yarjejeniyar da ta kare ma'aikata daga kora tun 1994. Wasu sun ɗora laifin a kan motocin lantarki, amma tushen matsalar ya girme su.

Labarin ya faro ne daga Sin. A 1984 Volkswagen ya ƙulla haɗin gwiwa da wani kamfanin gwamnati a Shanghai, lokacin da sauran manyan kamfanoni ke ɗari-ɗari da ƙasar. Motarsa Santana ta cika tituna, har da 'yan tasi. Shekara kusan arba'in Sin ta zama masa saniyar tatsa. A 2019 kaɗai ya sayar da motoci sama da miliyan 4 a can. Ribar nan ita ta riƙa rufa wa Wolfsburg, hedikwatar kamfanin a Jamus, asiri, inda albashi ke da tsoka, ma'aikata suka yi yawa, kuma ƙera mota ke cin kuɗi fiye da kima. Muddin kuɗi na shigowa daga gabas, babu wanda ya ga dalilin tayar da jijiyar wuya a gida.

Ko da ma wani ya so gyara, tsarin kamfanin ba ya bari cikin sauƙi. Jihar Lower Saxony, inda Wolfsburg take, na riƙe da kashi 20 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jari, wakilan ma'aikata kuma na da rabin kujerun majalisar da ke sa ido a kan shugabanni. Wane gwamna ne zai yarda a rufe masana'anta a jiharsa?

Sai badaƙalar dizal ta 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano an sa wa motoci manhajar da ke ɓoye yawan hayaƙi a lokacin gwaji. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, tara da diyya suka lashe sama da yuro biliyan 30. Don wanke sunansa, kamfanin ya rungumi lantarki hannu biyu a ƙarƙashin shugabansa Herbert Diess. A nan ne aka ga iyakar gwanintarsa. Injiniyoyin Jamus sun iya inji da ƙarfe, amma motar zamani rabinta kwamfuta ce. Motarsa ta lantarki ID.3 ta fito a 2020 da manhaja mai tangarɗa, allon gaban direba yana daskarewa, sashen Cariad da aka kafa don wannan aiki kuma ya cinye biliyoyi ya jinkirta sababbin motocin rassansa Audi da Porsche. A 2022 aka sallami Diess, Oliver Blume ya gaje shi.

Kafin su farga, matasan Sin sun koma wa motocin gida masu araha da batir mai kyau. A 2023 kamfanin BYD na Sin ya ƙwace matsayi na ɗaya a cinikin motoci a can, a 2024 cinikin Volkswagen a Sin ya sauko ƙasa da miliyan 3. Wanda ya koya wa Sinawa sana'ar shi ne yanzu ya sayi hannun jari a Xpeng, wani kamfanin motocin lantarki na Sin, don ya koya daga gare su.

A gida ma ba sauƙi. Yaƙin Yukren ya tsadar da makamashi, Turawa ba su koma sayen motoci kamar kafin korona ba, gwamnatin Jamus kuma ta janye tallafin motocin lantarki kwatsam a Disamban 2023.

Bayan yajin aikin gargaɗi na ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall, an daidaita a ranar 20 ga Disamban 2024: za a rage guraben aiki sama da 35,000 zuwa 2030 ba tare da korar dole ba, a kuma rage yawan motocin da ake iya ƙerawa da kusan 734,000 a shekara. Sulhun ya sayo lokaci ne kawai, domin bai taɓa batun Sin ba. Ba a daɗe ba kuma Amurka ta ƙara harajin shigo da motoci a Afrilun 2025, alhali Audi da Porsche ba su da masana'anta ko ɗaya a can.