Darajar Hidimomin Muhalli da Sauyin Amfani da Ƙasa

Hidimomin muhalli su ne alfanun da daji, dausayi, makiyaya da teku ke yi wa ɗan Adam ba tare da an biya su ba: tace ruwa, riƙe ƙasa kada ta zaizaye, tare ambaliya, adana iskar kabon, da barbarar furanni da ƙudan zuma ke yi. Duk lokacin da aka mayar da daji gona, ko aka cike dausayi don gini, waɗannan hidimomi na sauyawa. Ribar sauyin takan shiga aljihun mai filin nan take, asarar kuwa ta watsu a kan mutanen da ba a shawarta ba.

Tarihi

Kalmar "hidimomin muhalli" ta fara yaɗuwa tsakanin masana wajajen farkon shekarun 1980, ko da yake tunanin ya girme ta. A 1997 masanin tattalin arzikin muhalli Robert Costanza da abokan aikinsa suka wallafa ƙiyasi a mujallar Nature, inda suka auna hidimomi 17 a faɗin duniya, suka sa darajarsu kusan dala tiriliyan 33 a shekara, wato ta zarce abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa a lokacin. A 2014 suka sake lissafin da sabon ƙiyasin darajar kowace hekta, shi ya sa ya kai tiriliyan 125 na shekarar 2011. Suka kuma ce sauyin amfani da ƙasa tsakanin 1997 da 2011 ya jawo asarar tiriliyan 4.3 zuwa 20.2 a kowace shekara. Kafin nan, babban binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi a 2005 ya gano 15 daga hidimomi 24 na lalacewa.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na birnin New York a Amurka, wanda a shekarun 1990 ya zaɓi kare dazukan tsaunukan Catskill, inda ruwan shansa ke fitowa, maimakon gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Dajin ya ci gaba da aikin tacewa, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na matatar ba.

Hasashen gaba

Masana kan tsara hasashe iri-iri na yadda za a yi amfani da ƙasa nan gaba, su zana taswirar yadda ƙasa za ta kasance a kowanne, sannan su ninka faɗin kowane irin fili da darajar hekta guda. Nazarin da Ida Kubiszewski ta jagoranta a 2017 ya duba irin wannan hasashe guda 4 har zuwa shekarar 2050: darajar na iya raguwa da tiriliyan 51 a shekara, ko ta ƙaru da tiriliyan 30 idan aka farfaɗo da filayen da suka lalace. Dausayi ne abin tausayi a nan, domin faɗinsa kaɗan ne amma darajar hektarsa ta ninka ta gona sau da yawa.

Saɓani

Wasu na ganin bai dace a sa wa halitta farashi ba. Wasu kuma na sukar ɗaukar darajar da aka auna a wani wuri a ɗora wa wani wurin daban.