Maganaɗisu

Maganaɗisu, wanda yara da masu sana'a suka fi kira mayen ƙarfe, abu ne da ke jawo ƙarfe tun kafin su haɗu. Akwai na halitta, wani baƙin dutse mai nauyi da ake kira magnatait, akwai kuma wanda ake ƙerawa. Yaran Katsina da Daura da yawa sun fara saninsa ne a bayan lasifikar matacciyar rediyo: a ɓalle baƙin zoben, a ɗaura masa zare, a yi ta jan sa cikin yashi har ya fito da gemun baƙin gari a jikinsa.

Asalin suna

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, Larabawa kuma daga Girkanci. Ana danganta ta da wani wuri mai suna Maganesiya, sai dai akwai mai wannan suna a Girka, akwai a Turkiyya ta yau, masana kuma sun rabu a kan wanda ake nufi.

Tarihi

Wanda aka fi ambata a farko shi ne Talis, masanin falsafa na Girka da ya rayu wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Aristotal ya ruwaito cewa Talis na ganin dutsen yana da rai, tunda yana motsa ƙarfe. Wanda ya raɗa masa suna maye ma kusan tunaninsu ɗaya.

Mutanen Sin ne suka fara mayar da shi abin nuna hanya, wato kamfas. Wajen 1088 Shen Kuwo ya bayyana yadda ake goga allura a jikin dutsen, a rataye ta da zaren siliki, ta nuna kudu, har ya lura cewa tana ɗan karkata, ba ta tsayawa a kudu sak. Bayan shekaru kamar talatin aka rubuta cewa matuƙan jiragen ruwansu suna dogara da ita idan hadari ya rufe taurari. A Turai, ambatonta na farko ya zo wajen 1190 a rubutun Alekzanda Nekam na Ingila.

A ƙasashen Musulmi, Bailak al-Ƙibjaƙi ya rubuta a Alƙahira wajen 1282 cewa ya ga matuƙa suna sa allura a kan ruwa a tafiyar da ya yi zuwa Iskandariyya shekaru 40 kafin nan. Sarkin Yaman al-Ashraf Umar, wanda ya rasu a 1296, ya yi bayanin yadda ake gane alƙibla da ita. Wannan aiki har yau bai tsufa ba: daga Katsina ko Daura alƙibla tana wajen digiri 70 daga arewa, wato gabas amma da ɗan karkata hagu, kuma ƙaramin kamfas da ake liƙawa a wasu dardumai abin da yake nema ke nan.

A 1269 wani Bafaranshe, Fetrus Feregrinus, ya nuna cewa dutsen yana da kai biyu. A 1600 Wiliyam Gilbat, likitan Sarauniya Elizabet ta Farko, ya fitar da littafinsa De Magnete, inda ya ce ita kanta duniya ƙaton maganaɗisu ce. Sai a 1820 Hans Osted na Denmak ya ga allurar kamfas ta juya lokacin da wutar lantarki ta bi ta wata waya kusa da ita. A 1831 Maikel Faradai ya juya al'amarin: ya motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki ya fito. Daga injinan madatsar Kainji har ƙaramin janaretan mai aski, duk a kan wannan suke.

Halayensa

Kowane maganaɗisu yana da kan arewa da kan kudu. Arewa da kudu suna jan juna, iri ɗaya kuwa ture juna suke yi. Idan aka karya shi biyu ba a raba kawunan ba, kowane ɓari sai ya zama cikakke da nasa biyun, domin cikinsa ƙananan yankuna ne masu ɗimbin yawa da suka fuskanci gefe guda. Bugu da yawan faɗuwa suna hargitsa wannan jeri, ƙarfin ya ragu. Zafi ya fi ɓarna: ƙarfen da ya kai digiri 770 a ma'aunin Salsiyos ba ya jin maganaɗisu, shi ya sa wanda ya yi jajir a maƙera ba ya kamuwa sai ya huce.

Ba kowane ƙarfe yake ja ba. Yana kama baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, ba ruwansa da jan ƙarfe, alminiyom, azurfa ko zinariya. 'Yan gwangwan sun san wannan fiye da ɗaliban aji, don da shi suke tantance kaya kafin a ɗora a sikeli.

Ɗalibi na iya yin kamfas a gida. A goga allura a kai ɗaya na mayen ƙarfe sau da yawa, ta fuska guda, ba kai da komowa ba. A ɗora ta a kan busasshen ganye cikin ƙwaryar ruwa, za ta juya a hankali ta tsaya kudu da arewa. Kada a yi a kwanon samira, don ƙarfe ne, zai ruɗa allurar.

Duniya

Narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikin duniya shi ke haifar da maganaɗisunta. Kawunan sun sha yin musanya, na baya-bayan nan wajen shekara 780,000 da suka wuce.

Amfani a yau

Ana samun sa a lasifika, fanka, injin ban ruwa, ƙofar firji, wayar hannu da na'urar hoton cikin jiki a manyan asibitoci. Tela kuma da shi yake tsince allurar da ta faɗi ƙarƙashin keke.