Me ake nufi da "hôtel particulier" a Faransa?

In ka ji a labarai an ce firaministan Faransa ya karɓi baƙi a Hôtel Matignon, kada ka ɗauka masaukin matafiya ne. Matignon yana cikin gidajen da Faransawa ke kira hôtel particulier, wato gidan kasaita da wani basarake ko hamshaƙin attajiri ya gina a cikin birni don shi da iyalinsa da barorinsa kaɗai. Na karkara, mai gonaki da dajin farauta, shi ne château.

Tsarin ginin ne ya bambanta shi da sauran gidaje. Gidan talaka a Paris fuskarsa na kan titi. Wannan kuwa ja da baya yake yi. Mai wucewa ba ya ganin komai sai katanga da ƙatuwar ƙofa mai ganye biyu, wadda aka yi wa faɗi don keken doki ya shige ba tare da maigida ya sauka ba. Ciki farfajiya ce shimfiɗe da duwatsu, dama da hagu bargar dawaki da madafa da ɗakunan barori. Sannan ainihin gidan, bayansa kuma lambu. Faransawa na cewa gidan yana "tsakanin farfajiya da lambu". Dabara ce mai kyau, domin titunan Paris a zamanin da hayaniya ce da ɗoyi, ga shi kuma duk wanda ya shigo sai ya taka farfajiyar nan yana ɗaga kai kafin ya kai ga matakala.

Hôtel de Sully, a unguwar Marais ta Paris, shi ya fi nuna abin a fili. An gina shi wajajen 1625 zuwa 1630, tsohon ministan Sarki Henri IV, wato Sully, ya saye shi a 1634. A jikin bangon farfajiyarsa an sassaƙa siffofin lokutan shekara da na ruwa, wuta, iska da ƙasa. In ka ratsa lambun, wata 'yar ƙofa a kusurwa za ta fitar da kai dandalin Place des Vosges.

Ba duka na masu jinin sarauta ba ne. Pierre Aubert, mai karɓar harajin gishiri, ya gina nasa a shekarun 1650, mutanen gari suka laƙaba masa Hôtel Salé, "mai gishiri", don shaguɓe. Yau nan ne gidan tarihin mai zane Picasso, tun 1985.

Bayan manya sun bar Marais sun koma unguwar Saint-Germain, ga kuma juyin juya halin 1789, gidajen Marais suka lalace. Aka yanyanka ɗakuna ana ba da haya, farfajiyoyi suka zama rumfunan masu sana'a. Dokar Malraux ta 1962, wadda ta ba da damar kare unguwa sukutum maimakon gini ɗaya ɗaya, ita ta ceto abin da ya saura.

Kula da irin wannan gida sai mai ƙarfi, shi ya sa da yawa suka koma hannun hukuma. Carnavalet gidan tarihin birnin Paris ne, Soubise na ajiye takardun tarihin ƙasa, Matignon mazaunin firaminista tun 1935. Ita kanta Fadar Élysée, mazaunin shugaban ƙasa, da farko Hôtel d'Évreux ce, wadda Madame de Pompadour, farkar Sarki Louis XV, ta saya a 1753.